Ciwon Da Ke Ɓoye Cikin Jinin Jaki

Tun kaka da kakanni jakuna ke kwasar taki daga birnin Kano zuwa gonaki, su komo da itace da hatsi. Mutanen Gawuna da kewaye sun san wannan. Amma jaki dabba ne mai haƙuri, ba ya nuna ciwo da wuri kamar doki. Kafin mai shi ya farga, sai ya ga ya rame, kunnuwa sun sauka, ya daina cin harawa. Nan da nan sai a ce tsutsar ciki ce, a ɗura masa magani. Sau da yawa kuwa abin ba a ciki yake ba, a jini yake.

Manyan cututtukan jinin jaki iri biyu ne. Na fari sammore. Ƙudan tsando ke kawo shi a ƙasashen kurmi, amma akwai wani irinsa da ba ya bukatar tsando, ƙudaje masu cizo ke ɗaukarsa daga raƙumi ko doki su sa wa jaki. Wani likitan dabbobi Bature, Griffith Evans, shi ya fara ganin ƙwayarsa a Indiya cikin 1880. Na biyu kuwa kaska ke kawo shi. Ƙwayarsa takan shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini ta farfasa su, har fitsari ya yi duhu, ido ya yi rawaya kamar mai shawara.

To, ga inda wahalar take. Duka biyun suna kawo zazzaɓi da rama da kasala, ido kaɗai ba ya raba su, maganinsu kuma dabam dabam ne. Ban da haka, allurar da ake yi wa shanu ba lalle ta dace da jaki ba. Maganin ciwon kaska da ake kira imidocarb, idan ya yi yawa yana kashe jaki, gama jikinsa bai jure shi kamar na doki ba. Mai allurar kasuwa ba ya auna wannan.

Gwajin ba wuya. Malamin dabbobi zai tsaga bakin kunne kaɗan, ko ya zuƙi jini a jijiyar wuya. Ya ɗiga ɗigo guda bisa gilashi ya duba a madubin likita. In sammore ne, za a ga ƙwayoyin suna wutsil-wutsil tsakanin jini kamar 'yan kifi. Na kaska sai an shafa jinin ya bushe, an rina shi, sa'an nan a gan su zaune cikin jajayen ƙwayoyi, wani iri bibbiyu, wani hurhuɗu. Akan kuma juya jinin a inji don a ga yawan jansa. Na lafiyayyen jaki yakan kai wajen sulusi. In ya faɗi ƙasa da haka ƙwarai, jakin nan bai kamata a aza masa mangala ba.

Abu guda ku riƙe: ƙwayoyin nan sukan yawaita sa'ad da zazzaɓi ya taso, su ɓuya in ya sauka. Saboda haka a kai jaki ranar da jikinsa ke da zafi, kafin a yi masa kowace allura. In an duba ba a ga kome ba, ba shi ke nan ba, a sake bayan 'yan kwanaki. Inda aka kasa ganewa, akan aika da jinin manyan ɗakunan bincike, irin na Vom kusa da Jos, wanda aka kafa tun 1924, ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Ku tafi da kashinsa sabo cikin leda, domin ƙwan tsutsar ciki a nan ake ganinsa, ba a jini ba. Wanda kuma ya sayo jaki a Maigatari ko Mai'aduwa, ya ware shi mako biyu, ya cire masa kaska, ya sa a duba jininsa kafin ya haɗa shi turke ɗaya da na gida.