Gargaɗi ga Iyaye da Ɗalibai a kan Zaɓen Darussan JAMB

Tun daga shekarar 2015, sa'ad da hukumar JAMB ta yi sallama da takarda da fensir, ta mayar da jarrabawarta ɗungurungum kan kwamfuta, babu abin da ya cika zukatan iyaye a Maiduguri da fargaba kamar na'urar nan, musamman da yake yaran da suka tashi a zamanin fitina, waɗanda aka rufe musu makarantu a 2014, da yawansu ba su taɓa ɗora yatsa a kanta ba. Fargabar tana da hujja, sai dai a ganina an ajiye ta ba a muhallinta ba, domin sarrafa na'urar abu ne da yaro mai matsakaicin fahimta zai koya cikin yini guda: A zuwa D na zaɓen amsa, N na ci gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki. Ga kuma jarrabawar gwaji da hukumar take shiryawa tun 2017.

Musibar da ta fi cin ɗalibai tana aukuwa ne watanni kafin ranar jarrabawa, wato ranar rajista. Ka sani, ya kai mai karatu, darussa huɗu ake rubutawa cikin sa'a biyu: Turanci, wanda yake wajibi a kan kowa, da tambayoyi 60, sa'an nan wasu uku masu tambayoyi 40 kowanne, jimillar maki 400. Waɗannan ukun ba son ran ɗalibi ne yake zaɓensu ba, fannin da yake nema shi ne yake hukunta su. Mai son likitanci dole ya ɗauki Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Mai son injiniyanci kuwa, galibi Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Matsayinsu kamar matsayin alwala ne ga salla, wadda komai kyan ƙira'ar mai yinta da tsawon tsayuwarsa, in sharaɗin ya ɓaci to ita ma ta ɓaci.

Ɗauki misalin yaron da ya fito daga Gwange ko Bulumkutu da asuba, ya yini a layi cikin ƙurar hunturu, har la'asar ta kai shi gaban ma'aikacin da gajiya ta riga ta cinye, ga jama'a a baya suna ta "a yi sauri". Aka ce wane kwas, ya ce likita. Aka ce waɗanne darussa, sai ya tuna Fiziks yana ba shi wuya, ya ce a sa masa Aikin Gona a madadinsa, aka sa, ya dangwala yatsa, ya karɓi takardarsa ya ninke ya jefa aljihu ba tare da ya karanta ba. Wannan yaro ko da ya ci maki 280, Jami'ar Maiduguri ba ta da ikon ba shi gurbin likitanci, kuma sau da yawa ba zai gane dalili ba sai bayan an gama fitar da sunaye, uban yana zargin an yi musu zalunci, alhali gafala ce ta minti biyu.

A da, mutum yakan sa babbar riga ya je wurin wani sananne ya nemi alfarma. Amma tun 2017 duk gurbin karatu na halal ta tsarin CAPS na hukumar JAMB yake bi, wanda yake gwada darussan ɗalibi da sharuɗɗan fanninsa, ba ya jin roƙo, ba ya kuma sanin ɗan wane. Wanda duk ya ce maka zai samo wa ɗanka gurbi ta bayan wannan tsari, kuɗinka yake so. In ma yaron ya shiga aji, ranar neman takardar bautar ƙasa asiri zai tonu.

Sharaɗi na biyu shi ne sakamakon sakandare: kiredit biyar a darussan da suka dace da fannin, har da Turanci, a zaman da bai wuce biyu ba, daga WAEC ko NECO ko NABTEB, ko NBAIS ga 'yan makarantun Arabiyya. A nan ne mai hankali zai gane cewa asalin mas'alar tana aji ɗaya na babbar sakandare, inda ake raba yara kimiyya da adabi, wani lokaci don bin aboki kawai. Mai burin karatun lauya da bai ɗauki Adabin Turanci ba ya rufe wa kansa ƙofa a mafi yawan jami'o'i tun yana ɗan shekara goma sha biyar. Gaskiya ne a watan Oktoba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sassauta sharaɗin kiredit a Lissafi ga masu neman fannonin adabi, amma kada wannan rangwame ya ruɗi kowa, domin bai shafi kimiyya da fasaha da kimiyyar zamantakewa ba.

Saboda haka, kafin ranar rajista, uba ko wa ko malamin makaranta ya zauna da yaro su buɗe kundin sharuɗɗa da hukumar ta ajiye a shafinta na intanet, su duba fannin da makarantar da ake so, ko jami'a ce, ko Kwalejin Fasaha ta Ramat, ko Kwalejin Shari'a ta Mohammed Goni, domin kowacce tana da nata ƙarin ƙa'idodi, su rubuta darussan huɗu a takarda yaro ya tafi da ita. A kuma tabbata sunan yaro da ranar haihuwarsa da ke kan lambar NIN, wadda ta zama tilas tun 2021, sun yi daidai da na takardun makaranta, musamman ga waɗanda suka sake takardu bayan ambaliyar Alau ta Satumbar 2024. In kuskure ya riga ya auku, hukumar takan ba da damar sauya fanni ko makaranta da ɗan kuɗi, sai a koma cibiyar da aka amince da ita, a zaɓi fannin da darussan yaron suka dace da shi tun jami'o'i ba su fara tantancewa ba.