Yadda Aka Auna Zoben Kabon Da Hasken Eksre

Malaman da ke koyar da kimiyya sun saba zana wata siffa mai kusurwa shida a kan allo, su ce wa yara ga zoben benzin. To, wa ya gani? Ƙwayar zarra ba ta ganuwa ko da madubin likita. A shekarar 1865 wani masani Bajamushe, Kekule, ya ce ƙwayoyin kabon shida ne a cikin benzin, suna riƙe da juna a kewaye. Amma ko zoben shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai, ko kuwa a lanƙwashe ya ke, aka shekara sittin da 'yan kai ba wanda ya auna.

Dabarar awon ga yadda ta ke. In mutum ya dubi fitila daga nesa ta cikin ƙyalle mai ƙananan idanu, zai ga hasken ya rabu ɗigo-ɗigo, tsarin ɗigon kuwa yana bin tsarin saƙar. Haka daskararrun abubuwa irin su gishiri da sukari ke yi wa hasken eksre, wanda a ke ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, gama ƙwayoyinsu a jere su ke sahu-sahu. Daga inda ɗigon ya faɗa a kan fim, da ƙarfin kowane ɗaya, sai a lissafa mazaunin ƙwayoyin.

A 1913 Bragg da ɗansa, a Ingila, suka auna daimon ta wannan hanya, suka tarar kowace ƙwayar kabon tana riƙe da huɗu, zobban da ke ciki kuwa lanƙwasassu ne. Saboda haka Bragg babba ya zaci na benzin ma haka ne.

Ɗalibarsa ce, Kathleen Lonsdale, ta warware zancen a Jami'ar Leeds. Benzin ruwa ne, sai ta ɗauki wani danginsa daskararre mai suna heksametilbenzin, wanda tsarin jerinsa ke da sauƙin lissafi. Babu na'ura mai ƙwaƙwalwa a lokacin. Da alƙalami da takarda ta yi aikin. A 1929 ta bayyana cewa ƙwayoyin shida duk a shimfiɗe su ke, bai ɗaya, tsakanin kowace da maƙwabciyarta kuwa tazara ce wadda sai an jera irinta kamar miliyan 7 kafin a cika milimita guda. Watau zoben ya fi kama da na baƙin fensir, ba na daimon ba. A ganinmu abin yabo a nan shi ne ba ta bar girman malaminta ya rinjayi awonta ba. A 1945 ta zama ɗaya daga cikin mata biyu na farko da aka zaɓa cikin Royal Society, babbar ƙungiyar masana ta Ingila.

A wannan shekara kuma Dorothy Hodgkin, a Oxford, ta gano siffar maganin fenisilin da hasken nan. Aka ba ta kyautar Nobel a 1964.