Aikin Asibitin Dabbobi Ga Kare Da Kyanwa

Da yawa daga cikin jama'armu sun ɗauka asibitin dabbobi na shanu da dawaki ne kaɗai, alhali kuwa karen gadi da kyanwar da ke tsare rumbu daga ɓeraye suna da nasu haƙƙi a can, tun da yake malamai sun tabbatar dabbar da mutum ya killace amana ce a wuyansa.

A asibiti irin na koyarwa da ke Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, likita yakan fara da auna zafin jiki, ya ɗaga leɓe ya duba dasashi, domin idan ya yi fari fat alama ce ta ƙarancin jini, wanda sau da yawa kaska ko tsutsar ciki ke haddasawa. Daga nan, in hali ya buƙata, a ɗebi jini ko kashi a bincika. Akwai kuma ɗaurin karaya, da ƙarin ruwa, da fiɗiya.

Amma mafi muhimmanci, a ganina, shi ne rigakafin haukan kare, cutar da idan alamunta suka bayyana a jikin ɗan Adam, da wuya ƙwarai a tsira. Ana yi wa ɗan kwikwiyo allurar yana wata 3, a riƙa sabuntawa kowace shekara, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, tana sarrafa ta. Wanda kare ya ciza, ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya garzaya asibitin mutane a ranar.