WASIƘAR DA BA TA ISO TUDUN WADA BA: Batun Motocin A-kori-kura Masu Aibi Tun Daga Masana'anta

Duk wanda ya tsaya bakin titi da sassafe a lokacin kaka, tsakanin Ƙofar Doka da kasuwar Tudun Wada, zai ga a-kori-kura suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Wata ta fito Giwa da masara, wata daga Soba, wata kuma daga Makarfi da rake. Waɗansu cikinsu na ƙungiyoyinmu ne na gama kai, waɗanda aka yi shekaru ana tara kuɗi kafin a saya. Motar da ke kawo taki da damina, ita ce ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi magana da ku a kan wani abu da ba a cika tattauna shi a taron ƙungiya ba.

A dā sha'anin mota da sauƙi. Fijo 404 da 504 su ne a-kori-kurar manoma, ga kuma kamfanin Peugeot nan kusa a Kaduna, wanda ya soma harhaɗa motoci a 1975. Yanzu kuwa yawancin abin da ƙarfinmu ke iya saye tokumbo ne, watau motar da wani ya yi shekaru yana hawa a Amurka ko Kanada ko Turai kafin ta sauka Legas ko Kwatano.

To, a waɗannan ƙasashe akwai wata ƙa'ida. Idan kamfani ya gane cewa waɗansu motocin da ya ƙera sun fito da aibin da zai iya hallaka mutum, tilas ne ya sanar da hukuma, ya rubuta wa masu motocin wasiƙa su kawo a gyara musu kyauta. Wannan shi ne muke kira kiran mota domin gyara. Ba maganar tsufa ba ce, ba kuwa laifin direba ba. Aibin yana cikin motar tun ranar da ta fito.

Amma wasiƙar tana zuwa ne wurin wanda sunansa ke cikin rajista can. Sa'ad da mota ta hau jirgin ruwa, kamfanin ya ɓace da ita ke nan. Aibin ya iso Zariya, wasiƙar ba ta iso ba.

JAKAR ISKA DA DANGIN TAKIN ZAMANI

Kira mafi girma da aka taɓa yi a tarihin motoci shi ne na jakar iska ta kamfanin Takata na ƙasar Japan. Ku dubi tsakiyar sitiyari, da kuma gaban kujerar mai zaman banza. In kun ga an rubuta SRS ko AIRBAG, to, akwai wata jaka a naɗe a ciki. Idan mota ta yi karo, wutar lantarki takan kunna wani sinadari da ke cikin ɗan gwangwanin ƙarfe, shi kuwa ya ba da iskar da za ta cika jakar kafin ƙiftawar ido, domin kada kan direba ya bugi sitiyari. Dabara ce mai kyau, ta ceci rayuka masu yawa.

Sinadarin da Takata ya zuba cikin gwangwanin shi ne amoniyam naitiret. Dattawa cikinmu sun san danginsa, gama shi ne ƙarfin takin nan da ake kira CAN wanda muka yi ta zuba wa masara. Kun san abin da ke samun buhun taki idan ya kwana biyu a ɗaki mai laima: ya sha danshi, ya dunƙule, ya sāke kama. Haka sinadarin nan yake yi a cikin sitiyari bayan shekaru na zafi da danshi. Ranar da aka kunna shi, sai ya ci da sauri fiye da kima, gwangwanin ya fashe, gutsattsarin ƙarfe su fito wa direba a fuska da wuya kamar harsashi.

Kamfanin Honda ne ya soma kira a 2008, da 'yan motoci kaɗan. Daga baya abin ya bazu har ya kai jaka wajen miliyan 67 a Amurka kaɗai, Takata kuwa ya karye a 2017. Ya zuwa 2024 hukumar kiyaye haɗarin motoci ta Amurka, NHTSA, ta tabbatar da mutuwar mutum 28 a ƙasar, fiye da 400 kuma sun ji rauni.

Kada wani ya ce ai wannan maganar ƙananan motoci ce. A watan Disamba na 2015, a jihar Karolina ta Kudu, wani mutum yana tuƙa Ford Ranger ƙirar 2006 sai ya ci karo da saniya a kan hanya. Gwangwanin jakar ya fashe, ƙarfen ya same shi a wuya, ya mutu. Ku tsaya ku yi tunani, sau nawa direbobinmu suke gamuwa da shanu a kan hanyar Jos ko ta Funtuwa da magariba? A 2017 wani kuma ya mutu cikin irin wannan mota. Da aka bincika, sai aka tarar rana ɗaya aka ƙera gwangwanayen biyu. A watan Janairu na 2018 Ford ya gaya wa masu Ranger wajen 2,900 su daina tuƙa su sam, wata guda bayan haka ya ƙara fiye da 30,000. A 2023 an yi irin wannan gargaɗi a kan Dodge Ram ƙirar 2003. A watan Agusta na 2024 kuma Ford ya faɗaɗa nasa ya haɗa da Ranger na Amurka daga ƙirar 2004 zuwa 2011 waɗanda ba a gyara ba, Mazda ma ya yi haka a kan a-kori-kurarsa mai suna B-Series. Toyota Tundra ƙirar 2003 zuwa 2006 ita ma tana cikin kiran Takata, ta gefen fasinja.

Wani zai ce ƙasarmu busasshiya ce, ga hunturu. Gaskiya ne Zariya ba ta kai Legas laima ba. Amma muna da damina ta wata biyar ko fiye, muna da zafin bazara, kuma ba mu san shekara nawa motar ta yi a wuri mai danshi kamar Fulorida kafin ta zo hannunmu ba. Lalacewar da sinadarin ya riga ya yi, hunturu ba ya warkar da ita. Tsufa kuwa ƙara ta yake yi.

Tsohuwar Fijo ba ta da wannan jaka, saboda haka wannan batu bai shafe ta ba.

BA JAKA KAƊAI BA

A 2005 Toyota ya kira motoci wajen 978,000 a Amurka, har da a-kori-kura ƙirar 1989 zuwa 1995, domin wani ƙarfe da ke haɗa sitiyari da ƙafafun gaba yakan tsage, direba ya rasa ikon juya mota. A 2014 kuma ya kira Tacoma wajen 690,000, ƙirar 2005 zuwa 2011, saboda sifirin baya. Ɗaya daga cikin fallayen yakan karye don nauyi da tsatsa, ya goce daga wurinsa, ya huda tankin mai. Inda mai ya zuba kusa da zafi, kun san sauran.

A nan sai mu faɗa wa juna gaskiya. Hilux takan ɗauki wajen tan guda, watau buhu 10 na masara masu kilo 100, Tacoma kuwa ba ta kai haka ba. Mu kuwa mukan lafta 15 ko 20, yara kuma su hau bisa. Motar da ta fito da raunin sifirin, sa'an nan muka ninka mata kaya a kan hanyar ƙauye, mun taimaki aibin ne. Nauyin da ya halatta yana rubuce a jikin ƙofar direba ko cikin littafin motar. Babu kamfanin da zai biya ɓarnar da lodi ya yi.

YADDA ZA A BINCIKA

Mabuɗin duka shi ne lambar shasi, wadda a takarda ake rubuta VIN. Tun daga 1981 lambar tana da haruffa da alƙaluma 17. Za a same ta a ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, ko a takardar da ke manne a bakin ƙofa, ko a buge a jikin ƙarfen shasi. Magatakarda da direba su je tare, ɗaya yana karantawa, ɗaya yana rubutawa. Ba a sa harafin I, ko O, ko Q a cikinta, saboda haka abin da ya yi kama da O sifiri ne. Sai a gwada da abin da ke takardar kwastan da ta rajista. In sun saɓa, wannan wata magana ce dabam da za a warware tukuna.

Idan motar daga Amurka ta fito, a sami wani matashi mai wayar da ke shiga intanet ya buɗe nhtsa.gov/recalls, ya shigar da lambar. Ba a biyan ko kwabo. Zai nuna kiran da aka yi wa wannan motar wanda ba a gyara ba tukuna. Ford da Toyota da sauran kamfanoni ma suna da wurin bincike irin wannan, kuma ga tsohuwar mota ya kyautu a duba wurare biyun, gama na hukuma ba lalle ya nuna kiran da ya wuce shekara 15 ba.

Ga wani tarko. Ba a sayar da Hilux a Amurka, saboda haka in an shigar da lambarta can ba a ga kome ba, wannan bai wanke ta ba. Lambar Hilux takan fara da AHT in a Afirka ta Kudu aka ƙera ta, ko MR0 in a Tailan ne. Ita ma ta sha kira, misali a 2014 tana cikin miliyoyin motocin da Toyota ya kira saboda wayar cikin sitiyari da kan tsinke ta hana jakar iska aiki. Domin irinta sai a tambayi wakilin kamfanin a nan gida, watau Toyota Nigeria Limited ko dillalansa. Na Ford kuwa Coscharis Motors ne. A rubuta wasiƙa da sunan ƙungiya, a sa lambar shasi, a roƙi amsa a rubuce, a ajiye kwafi a fayil.

Bincike sau ɗaya bai isa ba, domin sabon kira yakan fito bayan shekaru. Shawararmu ita ce sau biyu a shekara, kafin jigilar taki da kafin jigilar kaka, a kuma karanta sakamakon a gaban taro.

IDAN AN SAMI SUNAN MOTARKU

Motar da aka saya sabuwa daga wakilin kamfani a Nijeriya, maganarta a fili take. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ɗora wa mai ƙira da mai rarrabawa nauyin sanar da jama'a da janye kaya idan sun gane yana da haɗari. In wakili ya yi kunnen ƙashi, ana iya kai kuka wurin hukumar.

Tokumbo ita ce mai wuya. Dokar Amurka da ta ce a gyara kyauta ba ta da iko a Tudun Wada. Duk da haka a tambaya, a nuna wa wakilin lambar kiran. In ya ce sai an biya, to, a biya daga asusun gyaran mota. Mun san akwai ma'ajin da zai ce mota tana tafiya lafiya, me zai sa a taɓa kuɗin taki? Amsarmu ita ce, wannan aibi ba ya ƙara, ba ya hayaƙi, ba ya ba da alama kamar birki ko kuloci. Ranar da ya nuna kansa, ranar ce ta ƙarshe.

Idan sanarwar ta ce kada a tuƙa, to, a ajiye motar, ko da tsakiyar kaka ce. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. A yi hayar wata, ko a nemi taimakon ƙungiyar da ke maƙwabtaka har a gama gyara. Idan jakar gefen fasinja ce kaɗai, kada kowa ya zauna gaba sai an canja ta. Toyota kansa ya ba da irin wannan umarni a 2014 sa'ad da kayan gyara suka yi ƙaranci. Mun san kujerar gaba ta shugaba ce ko ta dattijo, amma a wannan hali girmamawa ita ce a hana shi zama.

Abu biyu kuma muke roƙo kada a yi. Kada a je Panteka a Kaduna, ko wurin masu kayan gwangwan, a sayo jakar da aka ciro daga wata mota, gama mai yiwuwa ne ita ma ta Takata ce, ta kuwa fi taku shan rana da ruwa. Kada kuma a bar bakanike ya buɗe gwangwanin, ko ya sa masa wuta ko guduma. Abin fashewa ne. Sabon da za a sa ya fito daga wakilin kamfani, a rubuta lambarsa a kan rasit.

Ƙungiyar da ke shirin sayen mota bayan an sayar da amfanin bana, ita ce ke da dama mafi kyau. Kafin ku ba da ko kafin alƙalami, ku karɓi lambar shasi daga dillali, ku koma gida ku bincika. Tokumbo da yawa daga gwanjon motocin da suka yi haɗari ake sayo su, saboda haka ku kunna makulli ku dubi fitilar jakar iska a gaban direba. Kamata ya yi ta kama na 'yan daƙiƙoƙi, sa'an nan ta mutu. In ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ƙwan ne domin a ɓoye wani abu. In kuwa ta kama ta ƙi mutuwa, akwai matsala a ciki. Dillalin da ya hana ku rubuta lambar, ku bar masa motarsa ku nemi wata.