Sharar gida a Maraɗi: da taki ce, yau leda

Duk matar da ke riƙe da gida a Maraɗi ta san wahalar hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska na kwaso ƙura daga hamada, galibi daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta baza ta a kan komai. A share tsakar gida da asuba, kafin azahar ƙura ta lulluɓe kwanonin jere, har yaro ya iya rubuta sunansa da yatsa a murfin langa. Maigida ya shigo yana faɗan ƙazanta, alhali ko inda ake ajiye tsintsiya bai sani ba.

Amma ƙura ba baƙuwa ba ce, kakanninmu ma sun sha ta. Sharar ce ta canza. A da abin da tsintsiya ke tarawa toka ne da kashin awaki da ɓawon gyaɗa da ƙaiƙayi, duk taki. Manomi ya zo da amalanken shanu ya kwashe juji ya kai gonar gero a Tibiri, ko lambu a Jiratawa, yana godiya.

Yau tona jujin unguwar Zariya ko na Bagalam ka gani: baƙar leda, ledar fiya wata, mataccen batir, tsinkakken silifa. Leda ba ta ruɓewa. A gona tana hana ruwa ratsa ƙasa. A kwata tana toshe hanya, damina ta sauka ruwa ya kwanta, sauro ya samu wurin hayayyafa. Jar akuyar Maraɗi kuwa, wadda fatarta ta yi suna har Turai, in ta haɗiye leda sai ta cunkushe mata tumbi, ta yi ta ramewa ba a san dalili ba, sai mahauci ya farke ciki ya zaro dunƙulen. Tun 2014 Nijar ta kafa dokar hana shigo da irin wannan leda da sayar da ita, amma je ka sayi tumatir na dala ashirin, a ciki za a ƙulle maka.

Sauƙin aikin a rabewa yake: ƙura daban, leda daban. A yayyafa ruwa kafin shara, a goge kaya da jiƙaƙƙen tsumma don kada ƙura ta koma huhu. A rataye buhu a bakin madafa don leda kaɗai, kuma kada a ƙona ta a tsakar gida, hayaƙinta guba ne. Kai buhun bola kuwa aikin 'yan samarin gidan ne, waɗanda ke zaune a fada suna jiran shayi ya nuna.