Labarin Maƙeran da ke Ƙera Ƙananan Kawunan Jirgin Ƙasa da Tagulla

Ku sani, ya masu karatu, a ƙasashen Ingila da Amurka da Japan akwai waɗansu maƙera waɗanda aikinsu ya fi kusa da na maƙeran fari, masu ƙera mundaye da zobba na azurfa da tagulla. Su kuwa kan jirgin ƙasa suke ƙerawa, irin na dā mai cin kwal yana fid da tururi, sai dai sun ƙanƙanta shi har mutum ya iya aza shi bisa tafukan hannuwansa. Kowane bututu da kowace ƙusa da ke jikin babban, akwai ɗan'uwansa a jikin ƙaramin, a daidai wurinsa. In aka ɗora shi kan 'yar hanyar dogo aka ba shi wutar lantarki, sai ya tashi ya kama tafiya, ƙafafunsa suna juyawa kamar na ainihin.

Dattawan da suka tarad da jirgin kwal, wanda ya fara isa Kano a shekarar 1911, sun san siffarsa. Ana hura wuta a murhu, wutar ta tafasa ruwan da ke cikin wata doguwar tukunya, tururin ya tura fistin gaba da baya cikin silinda, fistin kuma ya tura sandunan ƙarfe waɗanda ke juya manyan ƙafafu. Duk waɗannan gaɓoɓi a waje suke, ido yana ganin motsinsu. Wannan shi ya sa masu wannan ƙira suka fi ƙaunar kan tururi bisa ga na dizal, wanda aka rufe injinsa cikin akwati.

Fasali a kan ma'auni

Sharaɗi na farko ga wannan sana'a shi ne ma'auni. Maƙerin ba ya ƙera abin da ya ga dama. Yakan zaɓi kai guda sananne, mai lamba, na kamfani kaza, a shekara kaza, sa'an nan ya nemi zanen da injiniyoyi suka yi aiki da shi da hotunansa na kowane gefe. Kana ya raba kowane tsawo da kowane faɗi da adadi guda, ba ya canza shi har ƙarshen aiki.

Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne wanda ake kira HO, watau kashi ɗaya cikin 87. Tsakanin ƙarafan dogo biyu na yawancin ƙasashen Turai da Amurka akwai milimita 1,435, to in an raba da 87 sai a sami milimita 16 da rabi, shi ne faɗin 'yar hanyar. Mutanen Ingila sun fi riƙon kashi ɗaya cikin 76. Akwai kuma babban ma'auni mai suna O, wanda a Amurka kashi ɗaya ne cikin 48.

Ga misalin da zai bayyana ƙanƙantar abin. Kamfanin jirgi na Union Pacific a Amurka ya sa an ƙera masa waɗansu manyan kawuna guda 25 tsakanin 1941 da 1944, ana yi musu laƙabi da Big Boy. Tsawon kowane ɗaya, haɗe da taragon kwal da ruwa, ya kai mita 40, yana da ƙafafu 24, daga ciki 16 su ne masu jan kaya. A ma'aunin HO wannan ƙato yakan koma santimita 46, wajen kamu ɗaya ke nan. Kan ƙusar da faɗinta ya kai inci ɗaya yakan koma ƙasa da sulusin milimita, bai kai ƙwayar gero ba. Ke nan wanda ya yi kuskuren milimita guda a ƙaramin, daidai yake da wanda ya yi kuskuren santimita 9 a babban, kuma masana sukan gane irin wannan kuskure da kallo ɗaya.

Fasali a kan ƙira

Dalilin zaɓen tagulla a fili yake. Ita gamin jan ƙarfe ce da tutiya, ba ta tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, tana yankuwa da ɗan zarto, tana bin magagari, tana kama dalma da sauƙi, kuma ko an mayar da ita falle mai kaurin sulusin milimita tana riƙe siffarta. Maƙeran Ingila da yawa sukan haɗa da wata 'yar'uwarta fara, wadda aka ƙara wa nikel, domin launinta ya fi kama da na ƙarfen ainihi.

Daga ƙasa ake farawa. Akan yanka falle biyu masu kauri waɗanda za su zama ƙashin bayan jirgin, a liƙa su da juna, a huda su tare, sa'an nan a raba su, domin hujin dama ya dace da na hagu. Haka kuma tazarar hujojin da ke jikin sandunan da ke haɗa ƙafafu dole ta zama daidai da tazarar hujojin ƙashin bayan. Bayan wannan akwai wata ƙa'ida da aka ɗauko daga babban jirgi: maƙalar sanda ta ƙafar dama tana gaban ta hagu da rubu'in da'ira, watau digiri 90, don kada sandunan duka biyu su taɓa tsayawa a wurin da ba su da ikon turawa. In ƙafa ɗaya ta kauce wa wannan rubu'i ko da kaɗan ne, sai jirgin ya riƙa ɗingishi, ko ya cije ya ƙi gaba. Saboda haka gwanaye ba su ɗora kome a sama sai sun tura ƙashin bayan da yatsa sun ga yana gangarawa sumul, gama tun ran gini, ran zane.

Sa'an nan a koma ga tukunya. Akan gasa fallen tagulla har ya yi ja, a bar shi ya huce, sai ya yi laushi, a naɗa shi jikin sandar ƙarfe har ya zama kamar gwangwani, a liƙe bakin ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Tukunyar da ta fi faɗi ta wajen baya ta fi wuya, domin sai an lissafa shimfiɗarta a takarda tukuna. Ƙusoshi kuwa ba dasa su ake yi ba. Kafin a naɗe fallen akan juya bayansa, a riƙa danna shi da madoshi mai tsini, kowace dannawa ta fid da ɗan tudu ta gaba. Taragon kwal guda yana iya ɗaukar ɗaruruwan irin waɗannan, a jere, tazara ɗaya, zurfi ɗaya. Wanda hannunsa ya goce a layin ƙarshe, sai ya yar da fallen ya sake yanko wani.

Babbar hikimar aikin tana wajen liƙi. Tagulla ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 900, amma tana saurin kai zafi daga wannan gefe zuwa wancan, don haka mai liƙa ƙaramin bututu yana iya narkar da abin da ya liƙa jiya. Maganin wannan shi ne a tanadi dalma iri-iri. Manyan gaɓoɓi akan haɗa su da mai gamin azurfa, wadda sai zafi ya wuce digiri 600 take narkewa. Na tsakiya akan liƙa su da gamin kuza da dalma, mai narkewa wajen digiri 185. Na ƙarshe kuma akan sa musu mai narkewa a 145, har ma akwai mai narkewa a 70, wadda ruwan zafi ma yana iya sake ta. Haka ake saukowa daki-daki, ana kare abin da aka gama da jiƙaƙƙiyar auduga. Sharaɗin kowane liƙi kuwa tsabta ce: in akwai maiƙon yatsa a wurin, dalma ba za ta bi ba.

Fasali a kan zubi da ƙarasawa

Akwai 'yan gaɓoɓin da zarto da magagari ba su iya fid da su da yawa, kamar ƙararrawa da usur da fitila da famfon iska. Waɗannan zuba su ake yi. Maƙeri yakan sassaƙa guda ɗaya da hannu, a yi masa mazubin roba, a fid da kwafinsa na kaki, a lulluɓe kakin da farar ƙasa mai jure wuta, a gasa har kakin ya narke ya fita, sa'an nan a ɗura narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Asalin wannan dabara tsohuwa ce, da ita masu zubin tagulla na Ife da Benin suka yi aiki ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Tun da tagulla takan tsuke in ta huce, dole a sassaƙa na farkon ya ɗan ɗara girman da ake nema. Akwai kuma wata hanya ta zamani, inda ake buga zane a kan falle, a tsoma shi cikin ruwan magani mai cin tagulla, ya cinye inda ba a rufe ba, ya bar tagogi da lambobi da rubutu a fili.

Cikin tukunya ko cikin murhu akan ɓoye ɗan inji mai aiki da lantarki, wanda bisa al'ada ba ya wuce bolt 12. Wutar tana shigowa ta ƙarfen dogo ɗaya ta koma ta ɗayan, saboda haka akan raba ƙafafun gefe guda da jikin jirgin da abin da wuta ba ta ratsa shi. Sauran sararin tukunyar akan cika shi da dalma, domin nauyi ya danne ƙafafu su kama hanya. Daga nan sai wanka da fenti. Fenti ba ya son zama a kan tagulla, sai an kankare ta an fara shafa mata na shimfiɗa, kuma sai an fesa shi siriri ƙwarai, don mai kauri yakan binne ƙusoshin da aka sha wahala a kansu. Waɗansu sukan ƙara masa baƙin hayaƙi da alamun tsatsa da maiƙo, ya zama kamar ya dawo daga doguwar tafiya. Waɗansu kuwa sukan bar tagullar tsirara tana walƙiya, domin a ga aikin hannu, gama fenti yana rufa asirin mummunan liƙi.

Fasali a kan yadda sana'ar ta bunƙasa a Japan

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda Hausawa ke kira yaƙin Hitila, sojojin Amurka sun zauna a Japan daga 1945 zuwa 1952. A cikinsu akwai masu sha'awar ƙananan jirage, suka riƙa kai wa maƙeran ƙasar hotuna da zane suna biya a ƙera musu. Wani kantin agogo da kayan ado mai suna Tenshodo, a unguwar Ginza ta birnin Tokyo, ya shiga wannan sana'a a 1949. A lokacin dalar Amurka ɗaya yen 360 ce, kuma haka ta tsaya har 1971, don haka aikin hannu na Japan ya yi wa Amurkawa araha. Cikin shekarun 1950 kamfanoni irin su Pacific Fast Mail suka riƙa aika zane Japan, ana ƙera musu adadi ƙayyadadde na kowane iri, ana liƙa su ɗaya bayan ɗaya da hannu. Da lada ya hau a Japan, sai yawancin aikin ya koma Koriya ta Kudu cikin shekarun 1970, wurin masana'antu irin su Samhongsa da Ajin. Daga baya ƙananan jirage na roba da ake yi a ƙasar Sin suka ƙara kyau da araha, kasuwar tagulla ta ragu, ta zama ta masu tarawa da masu ƙera nasu a gida.

Fasali a kan amfanin wannan wahala

Mai karatu yana iya tambaya, mene ne ribar mutum ya ɓatar da watanni, wani lokaci shekaru, a kan abin da ba ya ɗaukar buhu ko ɗaya? Amsar tana ga abin da ya sami manyan. Manyan kamfanonin Amurka sun bar tururi wajen 1960, Ingila ta bar shi a watan Agusta na 1968, aka yayyanka dubban kawuna aka narkar. Daga cikin Big Boy 25, takwas suka tsira, aka gyara ɗaya mai lamba 4014 ya koma tafiya a 2019. Amma kamfanin New York Central ya mallaki kawuna 275 na irin da ake kira Hudson, waɗanda aka fara ƙerawa a 1927 don jan jiragen fasinja masu sauri, kuma ba a bar ko ɗaya ba. Wanda ke so ya zagaya Hudson na New York Central ya dube shi ta gaba da ta baya, ya ga yadda sandunansa ke sarƙewa suna warwarewa a gaban idonsa, ba shi da inda zai je yau sai wurin ƙaramin.

Wannan shi ya sa masu sana'ar suke tsananta wa kansu a kan ma'auni. Ƙaramin da aka ƙara masa abin da babban ba shi da shi, ko aka rage masa don gudun wahala, zai koya wa na baya abin da ba haka yake ba, kuma babu na ainihi da za a je a gwada da shi. Maƙerin yana matsayin mai kwafar littafin da asalinsa ya ɓace, wanda ba shi da izinin ƙara harafi ko rage shi.

In an gama kai, jarrabawarsa ba gudu ba ce, domin ko gurgun kai yakan ɓoye ɗingishinsa in yana gudu. Akan rataya masa taragai, a ba shi wuta kaɗan kaɗan, 'yan'uwan sana'a su sunkuyo su sa ido daidai ƙafafunsa. In ya motsa a hankali kamar hawainiya, bai cije ba, bai yi tsalle ba, ya kuma bi kwana ya tsallake mararraba ba tare da ya sauka daga hanya ba, to sai a ce aikin ya karɓu, a rubuta masa lambarsa a gefen ɗakin direba.