Inshorar maganin tsofaffi a Amurka: mene ne kuɗin farko?

Tsufa yakan zo da hawan jini da ciwon sukari, masu bukatar magani kullum. Yau za mu duba yadda tsofaffin Amurka suke biyan kuɗin maganinsu.

A can, wanda ya kai shekara 65 yana iya shiga tsarin gwamnati mai suna Medicare, wanda aka kafa a 1965. A 2006 aka ƙara masa sashen magani. Mutum ya zaɓi kamfanin inshora, ya riƙa zuba kuɗi kowane wata, kamfanin kuma ya taimake shi sayen maganin da likita ya rubuta.

Amma taimakon ba ya farawa nan take. Kowace shekara, sai mutum ya fara biyan wani adadi daga aljihunsa. Shi muke kira kuɗin farko. A 2025 doka ta hana ya wuce dala 590. Mu lura, dalar Amurka ake nufi, ba dalarmu ta sefa ba.

Ga misali. Dattijo ya sayi maganin dala 990. Zai biya 590 shi kaɗai, saura 400. A cikin 400 ɗin zai biya kashi ɗaya bisa huɗu, wato 100. Jimla ya biya 690. A 2025, wanda abin da ya biya ya kai dala 2000 ya huta har ƙarshen shekara.

Allurar insulin ta masu ciwon sukari ba ta cikin wannan lissafi: tun 2023 kuɗinta ba ya wuce dala 35 a wata. Wasu kamfanoni kuma ba su karɓar kuɗin farko, amma sau da yawa zubinsu na wata ya fi tsada.

Haɗarin yana watan Janairu, lokacin da lissafi yake komawa farko. Wanda bai yi tanadi ba yana iya rage shan magani, ciwo ya tashi. Daga 15 ga Oktoba zuwa 7 ga Disamba ake ba kowa damar sake kamfani. Mai hankali yakan haɗa zubin wata 12 da kuɗin farko da kasonsa na magani, sannan ya zaɓa.